Inna ta rasu: me za mu fara yi, kuma yaya za mu adana tarihinta?

Jikar Inna, Bagalam

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Allah ya yi wa kakarmu rasuwa a nan Maraɗi, yau kwana goma sha biyu. Inna muke ce mata. A takarda shekarunta 84, amma tsofaffin unguwa sun ce ta fi haka. Ta yi zaman aure sama da shekara hamsin da kakanmu har Allah ya karɓi abinsa, ta bar ƴaƴa bakwai a raye, maza uku, mata huɗu. Jikoki da tattaɓa-kunne kuwa ba wanda ya ƙirga mu daidai.

Yanzu kan iyayenmu ya rabu. Wasu na son a yi babbar sadakar arba'in, wasu sun ce a haƙa mata rijiya, mu jikoki kuma muna son a rubuta tarihinta tun waɗanda suka san ƙuruciyarta suna raye. Ɗakinta yana nan yadda ta bar shi, amma an fara jin "ai Inna ta ba ni wannan". Don Allah masu sani, da me ake farawa? Kuma tarihin wadda ba ta taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, ta ina ake kamo shi?

Malamin Zaure, Limanci

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashi.

Ɗiyata, ki gaya wa iyayenki a jingine gardamar rijiya da arba'in tukuna, akwai abin da ke gaba da su. Dukiyar mamaci tana da jeri wanda ba a tsallakewa: kuɗin likkafani da binnewa, sa'annan bashi, sa'annan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi, abin da ya rage shi ne gado. Sadaka ba ta cikin jerin nan. Mai son yi mata sadaka daga aljihunsa zai yi, ko daga rabonsa bayan an raba, ko kuma magada bakwai ɗin nan su yarda, kowa da bakinsa. Babban wa ba ya yanke wa saura. Ƙanwa ta sunkuyar da kai don kunyar yayanta, wannan ba yarda ba ce.

Inda gidaje da yawa ke tuntuɓe shi ne tumuninta. Mun saba in maigida ya rasu sai a ce a bar gidan haka saboda tsohuwa tana ciki, a yi shekara ashirin ba a raba ba. To in haka aka yi a gidanku, Inna tana da kashi ɗaya cikin takwas na abin da kakanku ya bari, tunda yana da ƴaƴa. In ya rasu da mata biyu ko uku a ƙarƙashinsa, tumunin guda ne suke rabawa tsakaninsu, ba kowace da nata ba. Sai an fara raba gadonsa, an fitar da nata, an haɗa da dukiyarta. Dalili kuwa, ƴaƴan abokiyar zamanta suna gadon ubansu amma ba su gadon Inna. In aka dunƙule gado biyu aka raba lokaci guda, lalle an ci haƙƙin wani. In ma akwai ragowar sadakinta da bai biya ba, bashi ne a kan dukiyarsa, shi ake fara fitarwa.

Lissafin naku mai sauƙi ne, tunda ba miji a raye, kuma na ɗauka iyayenta sun riga ta. Namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, maza uku da mata huɗu sun ba da kashi goma. A ce bayan bashi da wasiyya sefa miliyan ɗaya ta rage: kowane ɗa jikka 200, wato sefa dubu 200, kowace ɗiya jikka 100. Jikokin da mahaifinsu ya riga Inna rasuwa ba su da rabo muddin akwai ɗa namiji a raye. Hukuncin ke nan, amma ba abin da ya hana magada su yanka musu wani abu don zumunci, kuma galibi su ne waɗanda tsohuwa ta fi ɗawainiya da su.

Batun "ta ba ni". Abin da ta miƙa aka karɓa tana da ranta da lafiyarta, ya zama na wanda aka ba. Abin da ta faɗa da baki amma yana nan cikin ɗakinta har ta cika, a Malikiyya kyautar ta faɗi, ya koma gado. In cewa ta yi "in na mutu a ba wance", wasiyya ce, tana son shaidu. Ga jika tana zartuwa cikin sulusi, ga ɗa ko ɗiya kuwa sai sauran magada sun yarda.

Sadakar uku da bakwai da arba'in, kin san malaman garin nan sun saɓa a kanta, kuma ba a zauren nan za a raba gardamar ba. Ku kama abin da ba wanda ya yi musu a kai. Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya ce aikin ɗan Adam yana yankewa in ya mutu sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Sa'adu bin Ubada ya tambayi sadakar da ta fi ga mahaifiyarsa aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suka fi mantawa. Kowace hanya kuka bi, kada a ci bashi don ciyar da baƙi.

Kabarinta kuma ku sa masa alama da dutse, ku ƙirga layi daga ƙofar maƙabarta ko daga wani icce, ku rubuta. Bayan damina ta farko maza su koma su ƙara ƙasa, don kabari yakan lotsa.

Uwar Adashe, Sabon Gari

Allah gafarta Malam, ka ce a biya bashi, amma bashin tsohuwa ba a wurin maza ake jin sa ba. Ko ƴaƴanta maza sun yi shela a masallaci sau goma, matar da ke bin ta dala ɗari ba za ta taso ta faɗa ba. Sai an bi ta gida.

Ɗiyata, yau ɗin nan a sa kwaɗo a ɗakin, makulli ya zauna hannun babbar ɗiyarta. Ranar da za a buɗe, a samu ɗa namiji ɗaya, ɗiya ɗaya, da wata dattijuwa wadda ba ta da rabo, da mai rubutu. Komai a rubuta: kwalla da samira nawa, tasa nawa, zannuwa ɗinkakku da waɗanda ba a yanka ba, zinari a auna shi wurin maƙeri a rubuta giram. A zazzage kowace kwalla, a kwance kowane ƙulli, a duba ƙarƙashin katifa da cikin matashi da tsohuwar tukunyar da ke bayan gado. Kuma ba duk abin da ke ɗakin tsohuwa ne nata ba. Tsofaffi ma'ajiya ne. Za ku ga ɗan kunnen jika, kuɗin gudunmawar wata, takardar filin wani. Ƙullin da aka ware shi daban, da tsumma daban, ku ajiye shi wata guda ko biyu kafin ku lissafa shi cikin gado. Mai shi zai zo, a tambaye shi nawa ne ciki kafin a kwance.

Daga nan ku nemi aminiyarta ta kusa, ita ce littafinta. Abin da za ku tambaya:

Adashe. In Inna ta riga ta kwasa, zubin da ya rage bashi ne, a biya shi har zagayen ya ƙare ko a biya dunƙule. In ba ta kwasa ba, abin da ta zuba nata ne, ya shiga gado. In tana cikin asusun Mata Masu Dubara, wanda a yankin nan namu aka fara shi a 1991, ku je ranar zamansu, za su gaya muku ko ta ci bashin akwati da kuma rabonta na ƙarshen zagaye. Su ba su mantuwa, a gaban kowa ake ƙirga.

Biki. Nan ne maza ba su gane komai. Ƙawar biki ta kawo mata jikka biyu ranar sunan jika, ita kuma ana jiran ta mayar da ninki ranar hidimar waccan. In ta rasu da kuɗin wata a hannunta, ko dai ɗiyarta ta ɗauki bikin ta ci gaba, ko a mayar da abin da aka kawo a rufe da godiya. Abin kunya shi ne a yi shiru, matar ta aurar da ɗiya ba wanda ya leƙo daga gidanku.

Dabbobi da gona. Tsohuwa irin wannan da wuya a ce ba ta da akuya ko tunkiya a hannun wani a ƙauye. A tambayi sharaɗin kiwon da suka yi kafin a ce za a kwaso. Gamanarta kuma a bincika: mallakarta ce da ta gada ko ta saya, ko aron da maigida ya ba ta daga gandu? Ko jingina ce ta karɓa? Kowanne hukuncinsa daban.

Sai ƙananan: mai nono, mai itace, mai niƙa, yarinyar da ke yi mata talla.

Abincin sadaka kuma, in za ku ji tawa, ku rage dafawa ku ƙara aunawa. Kilo guda na shinkafa yana ciyar da mutum shida ko bakwai, buhu mai kilo 25 ya ishi mutum ɗari da hamsin. Amma wa ke ci? Masu mota da suka ƙoshi tun daga gida, ragowar kuma in da zafi kafin la'asar ta yi yami. Buhun hatsi mai kilo ɗari kuwa tiya arba'in ne ko kusa da haka. Tiya bibbiyu gida ashirin ke nan. Ku lissafa ƙawayenta, da zawarawan da take aika wa tuwo, da makarantar allon da almajiranta ke zuwa ƙofarta, a kai musu har gida da sunanta. Waɗannan su ne cikinsu ya san ta rasu.

Tsohon malamin lakkol, Zariya

Allah ya gafarta mata. Ƙanwata, aikinku na jikoki shi ne mai gaggawa. Gado zai jira wata uku, ba abin da zai same shi in an kulle ɗaki, amma sa'o'in Inna ba su da tabbacin wata uku. Ku rubuta sunayen waɗanda suka san ta, ku jera su bisa tsufa, ku fara da wadda ta fi tsufa da rauni, ba da wadda ta fi kusa ba. Ƙannenta, ƙawayen ƙuruciya, abokiyar zama in tana raye, matan ƙannen miji, maƙwabtan tsohuwar unguwa, sa'annan ƴaƴanta. Mutum takwas zuwa goma sun isa.

Shekarunta tukuna. Kada ki dogara da takarda. Yawancin tsofaffinmu ba a yi musu takardar haihuwa ba sai da girmansu, a gaban alƙali, aka ƙiyasta shekara aka rubuta, shi ya sa za ki ga da yawa an ba su 1 ga Janairu. Kada kuma ki tambayi tsohuwa "wace shekara". Ki tambaye ta da abin da ya faru. Ambaliyar gulbi ta 1945, wadda ta rushe tsohon garin Maraɗi aka tashi aka hau tudu: lokacin Inna tana goye, ko tana tafiya, ko ta fara talla? In ta fara talla, shekararta bakwai ko takwas ke nan, haihuwarta ta faɗa wajen 1937 ko 1938. Samun ƴancin kai a 1960: ƴaƴa nawa gare ta? Farin da aka yi har Seyni Kunce ya hamɓarar da Jori Hamani a Afrilun 1974: wa take goyo? Yunwar El-Buhari ta 1984 zuwa 1985, lokacin da aka rufe iyakar Najeriya: wa aka aurar? Karyewar sefa a Janairun 1994: ta riga ta je Makka ko tukuna? Ki samu turaku uku irin waɗannan, ki gwada su da shekarun ɗanta na fari, za ki kusanci gaskiya da shekara ɗaya ko biyu. Ki tuna kuma tsofaffi da watan Musulunci suke ƙirga, shekara 33 tasu daidai take da 32 ta bature, saboda haka in sun ce ta kai casa'in, a takarda 87 ce ko kusa.

Ɗaukar murya. Tarhonki ya isa. Ki rufe layin kira don kada kira ya katse, ki ɗora shi kan matashi, tazarar kamu ɗaya daga bakinta, ba a hannu ba kuma ba kan tabarma ba. Cikin ɗaki, a kashe fanka, a kauce wa lokacin daka. Da hantsi ya fi, bayan ta karya. Ki fara da faɗin ranar, da wurin, da sunan mai magana, ki ɗauki minti ɗaya ki saurara kafin ki ci gaba. Minti arba'in ya isa zama guda, gara ki dawo sau uku. Mace ce za ta tambayi mace, kuma ba a gaban surukai ko ƴaƴa maza ba, in ba haka ba addu'a kawai za ki kwaso. Ki tafi da goro ko sabulu.

In kika ce "wace irin mace ce Inna?" amsa guda za ki samu daga mutum goma: mai haƙuri ce, mai zumunci ce. Gaskiya ne, amma da wannan ba a gane ta cikin mata dubu. Ki tambayi abin da ido ya gani. Da me aka kai ta ɗaki, a ƙafa ko kan doki? Me aka jera mata? Tiya nawa take dakawa ranar girkinta, baki nawa ke ci? Wace sana'a ta riƙe gida da ita, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, fura, daddawa, saƙa? Me ta sayar shekarar yunwa? Wa ta yi jinya, wata nawa? Me take cewa in ta yi fushi? Wace waƙa take yi a bakin turmi? Wane jika take kira mijinta, wace take kira kishiya? In tsohuwa ta yi shiru kada ki cike mata shirun, abin da ke biyo bayansa shi ne kika zo nema.

Kunya za ta ba ki wahala wurin sunaye. Matan zamaninsu ba su faɗin sunan miji ko na ɗan fari, wata ma ko mai irin sunan ba ta kira. Ki tanadi wani a gefe da zai fassara miki "mai gidan nan" da "yaron nan". Ki rubuta sunan yanka na kowa da laƙabinsa, har na Inna kanta, don akwai jikokin da ba su taɓa jin sunanta na yanka ba.

Jerin zuriya ki yi shi kan babbar takarda. Kowane ɗa da reshensa, har waɗanda suka rasu suna jarirai, don ita ba ta taɓa cire su daga lissafi ba. Ki ware wuri ga ƴaƴan riƙo, da wani wurin ga waɗanda ta shayar ba ita ta haife su ba.

Hotuna. Wanda ya manne da gilashi kada ki ɓamɓare shi, fuskar za ta bi gilashin. Ki fito da shi inuwa, ki ɗauke shi da tarho ba walƙiya, ki ɗan karkata don kada ki ga kanki ciki. Kada a kai tsohon hoto a liƙe shi da roba mai zafi, ba ya ɓaruwa kuma yana cin hoton. Sunayen mutanen ciki a rubuta a baya da fensir, biro yana huda takarda ya fito ta gaba. A sa su akwatin ƙarfe, a ɗora kan wani abu, saboda gara da laimar damina. In za ki tura wa dangi a WhatsApp ki tura a matsayin takarda, in ba haka ba yana matse hoton. Murya da hoto duka su zauna wuri uku: tarho, katin ajiya, da hannun wani a wani gari. Katin nan yana mutuwa ba sallama.

Littafin kansa shafi goma sha biyu zuwa ashirin ya isa, da Hausa. Kafin a buga, a karanta shi da ƙarfi gaban manyan gida su gyara. Rigimar kishi da sirrin aure da za ki ji, ki bar su cikin kunnenki. Ki kuma haɗa muryoyin a kati don masu saurare a rediyo, tunda waɗanda suka fi son ta ba su karatun boko. Kalanda da ƴan takardun manne masu hotonta ban ba ku shawara ba, shekara guda za ki tarar an ƙunsa ƙosai da fuskarta. In dole sai an yi, kada a sa aya a jiki.

Jikar Inna, Bagalam

Allah ya saka da alheri, iyayena. An sa kwaɗo jiya, kuma mun samu ƙawarta ɗaya a Tibiri da za mu fara da ita. Saura rijiyar. Kawunnaina sun ce daga aljihunsu za su haɗa, amma ba su san ko a yi ta cikin gari ko a ƙauyen da aka haife ta ba.

Mai haƙar rijiya, Madarunfa

Allah ya jiƙan tsohuwa. Ɗiyata, cikin gari inda ruwan pampo ya kai, rijiya ba ta da aiki, ga masai ko'ina da ke gurɓata ta. In a gari suke so, su ja pampo ƙofar masallaci ko makarantar allo da mitarsa daban, su sa wanda zai riƙa biyan kuɗin wata. Sadakar pampo ba ranar jawo shi take ba, ranar biya take. Wata uku ba a biya ba an yanke, sai ƙarfe tsaye da sunan mamaci a jiki.

A ƙauye kuwa, kafin a sa diga a tambayi mai gari da matan garin inda suke ɗibar ruwa da inda suke so. Filin kuma a yi masa takardar kyauta da hannun mai gari da kwamitin ƙasa da ake kira Kofo, don kada magadan mai gona su kewaye ta gobe. A nisanta ta da masai da turken dabbobi aƙalla mita talatin, kuma kada ta kasance inda ruwan sama ke gangarowa.

Zurfi shi ne kuɗi. A fadamar gulbi gaba kaɗan ka tarar da ruwa. Kan tudu sai a yi gaba ashirin ko talatin, arewa wajen Dakoro fiye da haka. Kudu kusa da iyaka kuma akwai wuraren da dutse ke ƙasa, diga ba ta yi. Ku auna igiyar rijiyar da ta fi kusa, ita za ta gaya muku gaskiya fiye da bakin ɗan kwangila. Ku ji farashi wurin mutum uku, a yi ciniki bisa mita, a biya kashi-kashi: na fara aiki, na isa ruwa, na gamawa. Kashin ƙarshe a riƙe shi sai an kwashe ruwan an ga yadda yake dawowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haƙa bayan damina. Lokacin ruwa yana sama, a tarar da shi da wuri, a yi murna, watan Afrilu ta ƙafe. A kai ƙarshen haƙa a Afrilu ko Mayu, kuma kada a tsaya don an ga ruwa, a nutsa aƙalla mita uku cikinsa. Rijiyar siminti ta sosai faɗinta mita 1 da santimita 80, a bi jikinta da kankare mai ƙarfe tun daga sama, a cikin ruwan a saukar da zobba masu huji, a zuba tsakuwa bayansu don ta tace yashi. In ba tsakuwa, yashi ya riƙa shiga, bayan zobban ya zama kogo, wata rana ta rufta. Bakinta ya kai ƙugun babba saboda yara, a yi daɓe kewaye mai gangara waje, da kwata zuwa komin dabbobi can nesa. Siminti a shayar da shi ruwa kwana bakwai. Kuma kada a kuskura a saukar da injin fetur cikin rami da mutum a ciki, hayaƙinsa na kashewa.

In foraj, wato rijiyar burtsatse, mai hasken rana suke so, su sani shi ɗan lele ne. Famfon yana ƙonewa in ya ja babu ruwa ko ya sha yashi, faifan rana na son shara duk mako lokacin hazo, kan pampo yana lalacewa cikin watanni, ga ɓarayi. Wanda ba zai ajiye asusun gyara da mutum biyu masu kula ba, ya yi rijiyar guga.

In kuɗin bai kai ba, kada a fara ramin da za a bari rabi. A dasa itace a makaranta ko kasuwa cikin Yuli zuwa farkon Agusta: rami rabin mita faɗi da zurfi, taki ruɓaɓɓe a gauraya da ƙasar sama, dogon yaro nesa da katanga da mita biyar saboda saiwa, a kewaye kowanne da ƙaya ko waya, a sa mai ban ruwa rani biyu. Goma da aka kewaye sun fi ɗari da aka bar wa awaki. Ko a sayi jajayen awakin nan namu a ba zawarawan danginta, a yi musu allura, da sharaɗin ɗiyar farko mace ta wuce gidan wata. Wata biyar suke ɗaukar ciki, kuma suna yawan tagwaye. Sai dai a samu dattijuwa mai riƙe lissafi, in ba haka ba Sallah biyu sun ƙare a kasuwa.

Malamin Zaure, Limanci

Na dawo kan abu guda da malamin lakkol ya taɓa ya wuce: waɗanda Inna ta shayar. Ɗiyata, wannan shafin ya fi sauran nauyi, don hukuncin aure yana rataye da shi. Tsofaffi sukan ba jika nono in uwa ta rasu ko ba ta da lafiya. Jikan da ya sha nonon Inna cikin shekara biyun farko, a Malikiyya ko sau ɗaya ne in ya kai ciki, ya zama ɗanta. Ƴaƴanta sun zama ƴan'uwansa, ƴaƴansu kuma, waɗanda da a ce abokan wasansa ne da ake iya haɗa su aure, sun haramta gare shi. A gidan da ake auren zumunci, ita kaɗai ce ke tsayawa ta ce wane da wance ba su auruwa, yanzu kuma ba ta nan. Ki tambayi kowace tsohuwa wannan a keɓe. Duk sunan da aka ba ki, ki nemi mace ta biyu da ta san haka, ki rubuta sunan yaron, da na uwarsa, da dalilin shayarwar, da sunayen matan da suka shaida, ki ba kowane ɗaki na gidan kofi guda.